Masu buɗe sabar Minecraft, ku yi karo-karo, kada ku sayar da takobi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina neman ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana da ƙannena masu son buɗe sabar gem ta kansu, domin tun da aka san ina riƙe da ɗaya, kusan kowane mako sai wani ya tare ni da tambayar nawa ake samu. Amsata ita ce ba a samun komai, kuma ranar da ka fara neman riba, ranar ka fara korar mutanenka.

Ni gyaran waya nake yi a Zariya. A 2022 na buɗe sabar Minecraft don ƙannena biyu da abokansu. Ga wanda bai sani ba, gem ne na gini da tubali da haƙar ma'adinai, wanda kamfanin Mojang na ƙasar Suwidin ya yi, Microsoft kuma ya saye shi a 2014 kan dala biliyan 2.5. Saba ita ce kwamfutar da ke riƙe da duniyar da kowa ke shiga, don haka in ta mutu, kowa ya fita.

Da tsohuwar laftof na fara, a ƙarƙashin teburin shago. Kada kowa ya maimaita wannan. Batirinta ya riga ya gaji, rannan aka ɗauke wuta tana cikin adana bayanai, fayil ya lalace. Yaran sun shafe mako shida suna gina Ƙofar Doka da wani yanki na ganuwa, tubali bayan tubali, sai ga shi babu ko alama. Ƙaramin ƙanena kwana biyu bai yi mini magana ba. Tun daga nan kullum da asuba saba ke kwafe duniyar da kanta, ni kuma duk Juma'a in sauke kwafi ɗaya a filashi.

Dole ta sa muka kama haya a wani kamfani da injinansa ke Jamus: RAM giga 8, dala 15 a wata. Na ɗora manhajar Paper domin ta fi ta asali sauƙin nauyi, na ƙara Geyser saboda masu waya su iya shiga tare da masu kwamfuta, kuma a wajenmu cikin goma tara da waya suke. Tazarar da ke tsakaninmu da Jamus tana da tata illar. Duk saran da ka yi sai saƙon ya gangara Legas, ya bi wayar ƙarƙashin teku zuwa Turai ya dawo, shi ya sa ake ɗan jin jinkiri a faɗa, amma ga gini ba ya damun kowa. Ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, yara sun yi ta kirana wai na ɓata saba. Sabar lafiyarta lau a Jamus, mu ne muka kasa isa gare ta.

To, ga inda gizo ke saƙar. A farkon 2023 dala tana wajen naira 750 a kasuwar bayan fage, hayar wata ta kama dubu 11 da ɗoriya, ina biya daga aljihuna ba tare da na ji ba. Zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura 1,500. Hayar ba ta ƙaru da sisi ba, amma a naira ta ninka. A lokacin ne wani yaro ɗan masu hali ya ce zai ba ni dubu 5 in ba shi sulke da takobin lu'ulu'u masu cikakken tsafi na gem, kayan da wani zai yi makonni yana haƙa kafin ya haɗa. Na karɓa. Na sake karɓa daga mutum uku.

Muna da 'yan wasa kusan 40 a lokacin. Cikin mako uku ba a cika samun 12 ba. Ba wanda ya zage ni, kawai suka daina zuwa. Wani yaro da ke tallan ruwan leda bayan makaranta, wanda ya fi kowa iya haɗa injina da jan dutsen nan redstone, wanda ke aiki kamar wayar lantarki a cikin gem, shi ya faɗa mini gaskiya a zaurenmu na WhatsApp. Ya ce a waje ma ɗan mai kuɗi ne a gaba, nan ne kaɗai wurin da ya ga ana farawa da hannu biyu iri ɗaya, yanzu kuma nan ma an sayar. Na rasa bakin magana.

Daga baya na zauna na karanta ƙa'idojin Mojang, ashe tun 2014 suka ja wannan layi. Mai saba yana iya karɓar gudummawa, yana iya sayar da kayan ado, amma ba abin da zai ba wani fifiko a kan abokan wasansa. Ashe har doka na karya ban sani ba.

Na mayar wa mutum huɗun kuɗinsu, na ƙwace kayan, ɗaya ya yi fushi ya tafi har yau. Muka koma karo-karo irin na masallacin unguwa: mai hali ya ba da 500 ko 1,000 a wata, marar hali ya shigo kyauta ba a ambaci sunansa ba. Wanda ya bayar, sunansa ya fito da launin kore, shi ke nan ladarsa. Ranar 1 ga kowane wata ina tura hoton rasit da lissafin abin da ya shigo da abin da ya rage. Wannan rasit ɗin, wallahi, ya fi duk wani roƙo aiki. Watan da kuɗi bai kai ba sai in faɗa ƙarara, kuma ba a taɓa kwana biyu ba a cike ba.

Iyaye kuma, na san kuna ganin ɓata lokaci ne da cinye data, kuma tun da aka amince da ƙarin kashi 50 na kuɗin kira da data a Janairun 2025 kuna da hujja. Amma sabar da aka san mai ita ta fi ku bar yaro yana yawo cikin sabobin baƙi. Tamu tana rufewa da kanta lokacin magariba da ƙarfe 11 na dare, ba mai shiga sai wanda wani ya tsaya masa, kuma duk mai rubuta WAEC ina cire sunansa har ya gama. Biyu daga cikin yaran yanzu su ke gyara saitin da kansu, sun san Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfutar sabar, fiye da ni.

Mai niyyar buɗewa, ka fara da mutum goma da ka san gidajensu, ka tara kuɗin wata uku kafin ka biya na farko. Yanzu muna 31, kuma an sake gina Ƙofar Doka, saura ganuwar ɓangaren gabas.

Naku,
Mai gyaran waya, Tudun Wada, Zariya