Wasiƙar Godiya ga Ma'aikatan Pub/Sub na Google Cloud

Bayan gaisuwa da fatan alheri,

Mu masu rubuta manhajar da ke sauraron saƙonni daga sabar girgije (kwamfutocin Google da ake shiga ta intanet) ta hanyar Pub/Sub, tsarinku na isar da saƙo tsakanin manhajoji, muna miƙa muku godiya, kuma kan abu guda muka fi yi: saƙo ba ya ɓata don layin intanet ya yanke ko an ɗauke wuta. Duk saƙon da ba a tabbatar da karɓarsa ba, rajistar karɓa (subscription, inda saƙonni ke jiran manhajar da za ta karɓe su) tana riƙe shi har kwana 7 a asali, manhaja ta dawo ta tarar da kayanta.

Laburaren Python da kuka fitar, wato shiryayyun umarni na yaren rubuta manhaja na Python, ya rage wahala ƙwarai. A buɗe maudu'i (topic, inda ake wallafa saƙonni), a ɗaura masa rajista, a ba asusun manhajar izinin roles/pubsub.subscriber, sai a kira subscribe() tare da aikin da zai sarrafa kowane saƙo. Wurin da sababbin shiga ke tuntuɓe shi ne mantawa da result(), umarnin da ke sa manhajar ta zauna jiran saƙo: sai ta rufe kanta tun kafin saƙon farko ya iso. Wasu kuma su wallafa saƙo kafin su buɗe rajista, alhali abin da aka aiko bayan buɗe ta kaɗai take gani.

Wa'adin tabbatarwa, wato lokacin da ake ba manhaja ta ce ta karɓi saƙo kafin a sake aiko shi, shi ne ya fi cancantar yabo. Daƙiƙa 10 ne a asali, ana iya kai shi 600, kuma laburaren da kansa yana ta neman ƙarin lokaci muddin ana kan aikin saƙon, har zuwa iyakar da aka saita. Amma kun faɗi gaskiya a takardunku, saƙo ɗaya na iya zuwa sau biyu. Shi ya sa mai hankali ke ajiye lambar shaidar kowace hulɗa, ya duba ta kafin ya rubuta a rumbun bayanai, ba zai kira ack(), umarnin tabbatar da karɓa, ba sai bayan an rubuta. In aka juya jerin, manhaja ta faɗi a tsakiya, saƙon ya tafi ke nan.

Gurɓataccen saƙon da ke ta dawowa ma kun yi masa ɗaki: maudu'in matattun saƙonni, bayan gwaji 5 zuwa 100, yadda mutum ya zaɓa.

Roƙonmu ɗaya, ku ƙara fito da gargaɗin nan fili: rajistar da ta kwana 31 babu motsi tana gogewa da kanta, sai in an sauya saitin.

Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wasu masu rubuta manhaja