Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Aikin Gona Na Jihar Kaduna: A Auna Ƙasa Kafin A Raba Taki

Ranka ya daɗe, Mai Girma Kwamishina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan tallafin takin zamani da gwamnati ke bai wa ƙananan manoma, domin buhu iri ɗaya ake kai wa gonakin da ƙasarsu ba iri ɗaya ba ce, kuma a nan ne kaso mai yawa na dukiyar jama'a ke salwanta.

Manomin Soba ko Giwa ko Lere ya san cewa a cikin gona guda da ba ta kai kadada ɗaya ba, ana iya samun jigawa a tudu, jangargari a tsakiya, sannan laka a gangare wajen fadama. Jigawa tana da sauƙin huɗa amma ba ta riƙe ruwa ko taki, saboda haka idan aka zuba mata yuriya gaba ɗaya, ruwan sama mai ƙarfi na watan Agusta zai wanke yawancinta zuwa inda saiwar masara ba ta kaiwa. Lakar fadama tana riƙe abin da aka ba ta, sai dai idan ruwa ya kwanta a kanta, sinadarin naitirojin da ke cikin takin ya kan tashi ya bi iska. Inda marmara ke kusa da sama kuwa, saiwa ba ta da wurin nutsewa, komai yawan takin da aka zuba. Haka nan gonar bayan gida, wadda ta daɗe tana samun toka da shara da kashin awaki, ta sha bamban da gonar daji da ba ta ga takin gargajiya ba tun lokacin da shanu suka daina kwana a cikinta bayan girbi.

Shawarar da aka saba bayarwa ga masara a yankinmu ita ce kilo 120 na naitirojin, da kilo 60 na fosforos, da kilo 60 na fotash a kowace kadada. Buhun kamfa 15:15:15 mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 7.5 na kowannensu, buhun yuriya kuma kilo 23 na naitirojin, wato manomi na buƙatar buhu takwas na kamfa da kusan uku na yuriya. Talaka nawa ne ke iya sayen wannan a farashin yau? Wanda ya samu buhu biyu kacal, babbar buƙatarsa ita ce a nuna masa ɓangaren gonar da za su fi amfani a cikinsa, da ɓangaren da ya fi dacewa a shuka waken suya ko gyaɗa a sa masa supa, wato takin fosforos, da wurin da wuta-wuta ta mamaye har sai an gyara shi da takin dabbobi da sauya shuka. Ga kuma tsamin ƙasa, wanda ke ƙaruwa idan aka daɗe ana zuba yuriya ita kaɗai, musamman a kudancin jihar irin su Kachia da Jaba inda ruwan sama ya fi yawa. Ƙasa mai tsami tana ƙulle fosforos, sai manomi ya ga ganyen masararsa ya yi ja-ja-ja duk da kuɗin da ya kashe.

Ranka ya daɗe, abin da ya fi damuna shi ne ilimin auna ƙasa yana cikin gidanmu. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da hukumar NAERLS mai faɗakar da manoma duk suna Zariya a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, kuma jihohi da dama daga nan suke ɗibar ilimi.

Roƙona shi ne a ware wani kaso daga kuɗin tallafin taki domin auna ƙasa. A ba malaman gona na KADA, wato hukumar bunƙasa aikin gona ta jiharmu, ƙananan kayan gwaji da babura, su shiga ƙauyuka a watannin Fabrairu da Maris kafin a fara sharar gona, su ɗebi samfuri daban-daban daga tudu da gangare, kada a gauraya su wuri ɗaya. A rubuta sakamakon da Hausa, da sunayen ƙasa da manoma suka sani, domin dattijon da ya shekara arba'in yana noma gonarsa ya riga ya san inda ta gaji, awon zai gaya masa ne abin da ta rasa. Daga nan sai ma'aikatarku ta nemi masu haɗa taki su yi haɗin da ya dace da kowane yanki na ƙananan hukumominmu 23, har da ƙarin zink da salfa a inda awo ya nuna ƙarancinsu, a kuma kai farar ƙasa mai rage tsami (laim) inda tsami ya yi yawa. Ina kuma roƙon takin ya isa hannun manomi kafin ƙarshen watan Mayu, tunda kamfa a makonni biyun farko bayan shuka ake sa wa masara.

Allah ya taya ka riƙo, ya ba mu damina mai albarka.

Naka cikin girmamawa,
Wani manomi daga Ƙaramar Hukumar Soba