Zuwa ga Bashir, daga Jos

Assalamu alaikum, mutumina.

Ya zafin Sakkwato? Mu nan alwalar asuba sai an yi shawara da zuciya. Na sani, tun bikin Ladidi ban neme ka ba, amma kai ma ai hannunka bai karye ba. Bari dai in fara da labari.

An amince da maudu'in digirina na biyu, kuma Kawu Isa ne sila. Ka tuna shekarar da ya yi fama da ciwon hanta nau'in C? Allurar intaferon duk mako har mako 48, ga ƙwayoyin ribabirin. Daren allura sai ka same shi cikin bargo biyu yana karkarwa, haƙora na haɗuwa, Inna na dama masa kunun acca ya kasa sha. Filinsa na Rikkos a nan ya tafi. Aka gama, aka auna, cutar na nan daram.

To, ashe ana iya hango hakan tun kafin a tsira masa allurar farko. Ƙwayoyin halittar gado (genes) da ke cikin hanta ba duka suke aiki lokaci guda ba, wasu a kunne, wasu a kashe, kuma ana iya auna wanne ne wanne. A 2005 masu bincike a Toronto suka duba ɗan abin da aka tsakuro daga hantar marasa lafiya, suka ga abin mamaki: waɗanda ƙwayoyin da intaferon ke tayarwa, irin su ISG15, suka riga suka kunnu sosai tun kafin magani, su ne maganin bai cika yi wa aiki ba. Ni da na ɗauka su za su fi warkewa! Kamar ɗan kamasho ne a tashar Bauchi Road da ya wuni yana ihu, ka ce ya ƙara murya, ina zai samo ta? Sannan a 2009 aka gano bambanci tsakanin mutane a kusa da wata ƙwayar halittar gado mai suna IL28B, kuma nau'in da ke jin maganin bai yawaita a jinin 'yan Afirka ba. Kawu da ya ce "ba a yi allurar nan don mu ba", muka yi ta dariya, ashe bai yi nisa da gaskiya ba.

Shi yanzu garau yake. Sabon magani, sofosbubir, ya fito a 2013, daga baya ya sha nasa haɗin mako 12, shi ke nan. Har tumbi ya ajiye, ya kusa kamo naka.

Ciwon hanta nau'in B ne ke hana ni barci. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na manya na ɗauke da shi, kuma Auwalunmu na ciki. Maganin tenofobir na danne cutar amma ba ya korar ta, sha ne ba ranar dainawa. Intaferon kuwa shekara guda ne, sai dai tsiraru yake yi wa aiki. In da jini kaɗai zai nuna su wane ne, ba sai an huda hanta ba! Abin da zan bi ke nan, in firiza ta yarda. RNA, sinadarin da ake aunawa a ga ƙwayar da ke kunne, ba ta da haƙuri ko kaɗan, in ba sanyi sai ta lalace. Makon jiya wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi, na zauna gaban firizar kamar mai jinya.

Af, Sale Dogo zai ƙara aure, 'yar mai tumatir ce a Farin Gada. Uwargida ba ta sani ba tukuna, don haka ka riƙe bakinka, na san ka.

A gaida Maman Hanifa da yara.

Naka,
Nura