Kogin Gongola ɗaya ne, daga tsaunukan Filato har zuwa Numan

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan kogin Gongola, saboda na lura cewa duk shekarar da ruwa ya ci gonaki a Adamawa, ba a ambaton komai sai dam ɗin Lagdo na Kamaru, alhali akwai wani babban kogi da yake kwararowa cikin Binuwai daga tsaunukan ƙasarmu, wanda ba kasafai ake bin diddiginsa ba.

Gongola yana tasowa ne daga gangaren gabashin tsaunukan Filato, ƙasar da tudunta ya haura mita 1,200, inda ƙoramu irin su Lere da Maijuju suke gangarowa ta kan duwatsu da ƙarfi kafin su haɗu a cikin Jihar Bauchi. Wanda ya bi hanyar Bauchi zuwa Gombe ya tsallake shi a gadar Dindima, kuma idan da rani ne, abin da zai gani shi ne shimfiɗar rairayi mai faɗi, da 'yar siririyar ƙorama a gefe, da masu tifa suna lodin yashi a tsakiya. A watan Agusta kuwa wurin nan yakan cika ya batse da jan ruwa mai ɗauke da itatuwa da laka, ko da ba a yi ruwan sama a Dindima ba a ranar, domin ruwan da ya sauka a kan dutse ba ya samun ƙasar da za ta shanye shi.

Daga nan kogin yana nufar arewa maso gabas, ya wuce Gombe Abba, tsohuwar hedikwatar masarautar da Buba Yero ya kafa, har ya kai Nafada. A nan ne yake yin abin da ya fi ɗaure kai a duk tafiyarsa, wato ya yi kwana ya juya kudu, kamar matafiyin da ya fasa zuwa inda ya nufa. Masana ilimin ƙasa suna ganin cewa a can zamanin da, kogin yana miƙewa ne har Tafkin Cadi, kafin wani kwari da ke gangarawa Binuwai ya janye ruwan zuwa kudu. Ke nan ruwan da a da yake ƙarewa a bakin hamada, yau Binuwai yake kai shi Lakwaja, Neja kuma ya kai shi teku.

Bayan wannan kwana, kogin yana ratsa ƙasar Funakaye, kusa da Burmi inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a 1903, sannan ya shiga dam ɗin Dadin Kowa, wanda aka kammala a 1984, kuma daga gare shi birnin Gombe yake shan ruwa. Can gaba kogin Hawul, wanda yake saukowa daga tudun Biu, yana haɗuwa da shi, sai dam ɗin Kiri da aka gina domin noman rake, daga bisani ya faɗa Binuwai daura da garin Numan bayan tafiyar kusan kilomita 530.

Dalilin da ya sa na jero wannan hanya shi ne, kowace jiha tana kallon yankin da ya ratsa ta ne kawai, kamar kogin a kan iyakarta yake farawa, a kan iyakarta kuma yake ƙarewa. Amma ƙasar da ake ƙwaƙulewa wajen haƙar ma'adinai a Filato, da dajin da ake sarewa domin gawayi a Bauchi, ba sa tsayawa inda aka yi ɓarnar. Damina tana kwaso lakar, ta zo ta jibge ta a gindin Dadin Kowa da Kiri. Dam ɗin da laka ta cike kuwa ba ya riƙe ruwan da aka gina shi domin ya riƙe, don haka dole a buɗe ƙofofinsa da wuri, kuma manomin shinkafa na Shelleng ko Numan, wanda bai taɓa ganin tsaunukan Jos ba, shi ne yake asarar amfanin gonarsa. Lamarin ya fi muni idan cikar Gongola ta yi daidai da cikar Binuwai, domin a lokacin ruwan ba ya samun mafita a mahaɗar, sai ya bazu cikin fadamu da gidaje.

Saboda haka ina kira ga Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama da ke Yola, tare da gwamnatocin Filato, Bauchi, Gombe, Borno da Adamawa, da su kafa ma'aunan ruwa masu aiki tun daga Dindima da Nafada, su auna lakar da ta taru a dam ɗin biyu su bayyana wa jama'a sakamakon, sannan a riƙa sanar da ranar buɗe ƙofofi ta gidajen rediyo da Hausa da Fulatanci da Bachama, da kuma ta bakin dagatai da masu unguwanni, kwanaki kafin ruwan ya iso.

Wassalam,
Wani mai karatu daga Gombe