Babana, maganar haƙorin nan

Assalamu alaikum Babana, ya aiki ya Legas. Mu nan lafiya lau sai zafi, Abbanku ma jikin da sauƙi Alhamdulillah.

Ƙanwarka ce ta yi suɓutar baki jiya, wai da kuka yi waya ta bidiyo ta ga kumatunka ɗaya a kumbure kace mata kar ta gaya min. To ta gaya min, kuma kar ka kuskura ka kira ta da faɗa. Ashe ka daɗe kana fama da haƙori kana cusa masa kanumfari kana haɗiyar maganin kemis kana tafiya aiki abinka, haba Babana, kai da karatunka.

Ban ce kanumfari ba ya aiki ba, yana kashe zogi na ɗan lokaci, ruwan gishiri mai ɗumi ma yana kwantar da dasashi, ni na koya muku. Amma haƙorin da ya riga ya yi kogo babu saiwa ko ganyen da zai cike shi, kuma idan ciwon ya yi shiru da kansa ba warkewa ba ce, sau da yawa jijiyar ce ta mutu mugunya na taruwa a ƙasa. Wannan shi ya hana ni barci wallahi. Baffanku na Gwammaja ai matauni ɗaya ne na ƙasa, aka yi ta turare ana cewa tsutsa ce za ta fito, har kumburin ya sauka wuya, baki ya ƙi buɗuwa, yawu ma ya gagara haɗiyewa, numfashi yana yi da ƙyar kamar an shaƙe shi, ni na riƙe masa kai a mota. Ka san yadda ta ƙare, ba sai na maimaita ba. Kuma shi ma a ƙasa ne aka ce naka yake.

Ni dai na san ban yi sake da bakinku ba. Kun sha cewa na cika tsanani don na hana ku alawa da cingam, Goggonku har gori ta yi min wai ina hana yara jin daɗi, yanzu ta duba bakin nata yaran. Kai kuwa daga barin gida sai lemon kwalba safe da rana, ƙaramar kwalba ɗaya fa sukarin cikinta ya kai ƙaramin cokali 8 ko fiye, ga shayin mai shayi da madara kaurin nan ƙarfe goma sha ɗaya na dare ka zo ka kwanta baki ba wanki. Babu wata tsutsa, ƙwayoyin cutar baki ne suke cin sukarin su fitar da tsami, tsamin ya dinga cin haƙori, da daddare kuma yawu yana raguwa babu mai wanke shi. Sannan ance har gawayi da lemon tsami kake gogawa don haƙora su yi fari, abin TikTok, to kankare su kake yi, abin da ya kankaru kuma ba ya dawowa.

Ina aswakin da na sa maka a jaka? Manzon Allah SAW cewa ya yi ba don kada ya tsananta wa al'ummarsa ba da ya umarce su da aswaki a kowace sallah. Ka yanke bakinsa ka sabunta, ka kai shi har matauni ta ciki, ba gaba kaɗai ba don mutane su gani. In ya ƙare ko reshen darbejiya ya isa, da daddare kuma ka sa buroshi da man goge baki mai fuloraid, ka tofar kar ka kuskure da ruwa.

Yi haƙuri na yi zafi, tsoro ne. Gobe dan Allah ka nemi izini a wurin aiki ka je asibitin koyarwa na Idi-Araba, suna da sashen haƙori, kar ka bari wani na bakin kasuwa ya taɓa ka. In kuwa zazzaɓi ya zo ko ka ji haɗiya tana maka wuya, a daren ka tafi, kar ka jira safiya. Idan kuɗi ne ka faɗa min ni kaɗai, adashina ya kusa fitowa, Abbanku ba sai ya ji ba. Ka turo min hoton fuskarka yanzu in ga kumburin da idona.

Allah ya yi maka albarka, ya ba ka lafiya.

Ummanka