Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobin Ƙungiyarmu ta Masu Zane da Zayyana

Assalamu alaikum iyayenmu malaman sana'a, shugaba, da 'yan'uwa maza da mata na Birnin Kudu da ƙauyukan kewaye.

Bana kusan duk ƙarfin ƙungiya ya tafi ne a kan koyon zane a waya da kwamfuta, don haka shi zai ci mafi yawan wannan rahoto. Lissafin kuɗi kuwa ma'aji zai karanta muku a zauren taro.

Dalilin da ya kai mu ga wannan ba ɓoyayye ba ne. Tun da injin buga bana, wato kyallen talla, ya yawaita, mai fenti da buroshi ya rasa kasuwa. Mai shayi, mai kemis, makarantar Islamiyya, har masu biki, duk Dutse ko Kano suke aikawa a bugo musu. Abin da ake dawowa da shi kuma tsince-tsincen intanet ne, ba dagi, ba zanen da ya yi kama da mu. Muka ga zanen yana hannunmu, hanyar kai shi ga injin ce kawai ba mu da ita.

An fara zama bayan ƙaramar salla a wani aji da aka ara mana. Masu wayar Android suka sauke manhajar zane ta ibisPaint, sauran suka riƙa karɓa-karɓa a kwamfutar ƙungiya da manhajar Krita, wadda kyauta ce, tare da allon zane na Wacom da wani ɗan garinmu mazaunin Kano ya ba mu gudummawa. Allah Ya saka masa da alheri.

Wanda ya fi ba mu mamaki shi ne Baba mai zayyanar allon sauka. Tun yana saurayi alƙalamin gamba ya sani, da tawadar da yake haɗawa da ƙaro. Da farko abin ya ƙi. Hannu yana ƙasa a kan allo, ido yana sama a kan gilashi, ga santsi, layi sai zamewa yake. Wani yaro ne ya kawo dabarar liƙa farar takarda a kan allon don bakin alƙalamin ya samu abin kamawa, daga nan hannun Baba ya zauna. Abin da ya fi burge shi shi ne aikin falle-falle: ya ja gidajen zayyana a falle ɗaya, ya zuba ja da kore da rawaya a wani, in launi bai yi ba ya sauya ba tare da ya kankare komai ba. Amma ya ƙi taɓa dabarar da ke maimaita zanen dama a hagu da kanta, yana ganin tana kashe aiki. Ni ma da na ɗora nasa kusa da na samari, na ga nasa ya fi rai, ko da yake su sun fi sauri, kuma sauri ma kuɗi ne.

Inda muka sha wahala shi ne launi. Gilashi da haske yake haɗa launinsa daga ja da kore da shuɗi, injin bugu kuma da tawada huɗu yake aiki, har da rawaya da baƙa. Shi ya sa koren da ke walƙiya a waya ya fito a dushe a katin walimar farko da muka buga. Yanzu ƙa'idarmu ita ce a fara buga gwaji guda kafin a biya kuɗin sauran, kati da kalanda a yi su da ɗigo 300 a kowane inci, kuma a tura aiki ta WhatsApp a matsayin fayil, don in aka tura shi a matsayin hoto matse shi ake yi.

Mata masu lalle da masu ɗinkin hula sun shigo daga baya, kuma tuni suna nuna wa masu saye samfuri a waya kafin a sa allura.

Da kaka mun kai matasa Dutsen Habude da Dutsen Mesa, inda zanen shanun nan na mutanen da yake a jikin dutse, waɗanda masana suka fara rubutu a kansu a shekarun 1950. Da yawa a cikin yaran nan aka haife su, amma ba su taɓa zuwa ba.

An kuma yanke hukunci guda bayan doguwar muhawara: ba za mu buga ayar Alƙur'ani a kan kyallen bana ba, domin idan biki ya wuce a ƙasa take ƙarewa ko a rufin akurki. Adon gefe kaɗai za a buga, rubutu ya tsaya a allon katako.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Da damina ta sauka aji ya watse, kowa ya koma gona, ga matsalar caji, ga allon zane ɗaya tal. Baɗi, in Allah Ya kai mu, za a mayar da darasi rani zalla, a nemi allo na biyu da ƙaramar sola, sannan a zaga ƙauyuka a ɗauki hoton zanen tsofaffin soraye kafin a shafe su da siminti. Wanda ake binsa kuɗin wata ya ga ma'aji kafin ranar taro.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya