Yaya, ka karanta wa Baba wannan bayan isha'i

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kun wuni lafiya, ya Baba da Inna, ya ƙafar Baba, ya Auta da jiki. Ni lafiya lau alhamdulillahi sai sanyin Ankara da ya fara shigowa, jiya da asuba ina jiran bas hannuna sai da ya sandare, kai hunturunmu na gida ashe wasan yara ne.

Muryar da Baba ya aiko ta WhatsApp sau uku na saurara ina dariya ni kaɗai, wai shekara biyu yaro na Turkiyya har yau an kasa gane likita ne ko mai kiwon ƙwayar cuta ne. Gaskiya na biyun ya fi kusa. To ka zaunar da shi ka karanta masa a hankali, ban da irin saurin nan naka na masu labaran rediyo.

Ka ce masa aikinsa nake karantawa, ɗinki. Kowace bakteriya, wato irin ƙwayoyin nan da ido ba ya gani, tana da wani dogon zare a cikinta da ake kira DNA, biyu ne a murɗe kamar igiya, a jikinsa aka rubuta duk yadda za ta rayu da harufa huɗu kacal da ake ta jujjuyawa. Wadda muka fi aiki da ita, E. coli, ta cikin hanjin kowa, nata ya kai harufa miliyan 4.6. Kuma zaren nan kullum cikin lalacewa yake, rana ta ƙona shi, sinadari ya ci shi, wani lokacin ya tsinke ɓat. Masu gyaransa wasu ƴan ƙananan teloli ne da ake kira enzaim, kowa da fanninsa.

Makon jiya na haska wa faranti biyu da na shuka bakteriya a kai fitilar UV, wato irin hasken nan na rana mai ƙona fata, ɗaya na naɗe shi da takardar gwangwani na jefa a duhu, ɗayan na bar shi ƙarƙashin haske. Washegari na duhun ɗigo-ɗigo kaɗan ne suka fito, na hasken kuwa sun fi yawa nesa ba kusa ba. Abin da ya faru, UV na manne harufa biyu maƙwabta, sai wani enzaim, fotolayes, ya ɗebi ƙarfin shuɗin haske ya ɓamɓare su. Mu mutane ba mu da shi ma. Wanda ya yi rayuwarsa kan wannan ɗan ƙasar nan ne, Aziz Sancar, daga wani gari Savur a lardin Mardin, iyayensa ba su iya karatu da rubutu ba, a 2015 ya samu kyautar Nobel shi da wasu mutum biyu, lambar ma ya kawo ta nan Ankara ya ajiye a hubbaren Ataturk, wanda ya kafa Turkiyya ta zamani. Shi ne kuma ya fayyace yadda ake gyaran ko babu haske: wasu enzaim su farke wurin ta gaba da baya, su cire kamar harufa 12, wani ya cike gurbin yana kallon ɗaya zaren, na ƙarshe mai suna ligas ya kashe ɗinkin. Faci kenan, Baba ya fi ni sani.

Inda ake yin ta shi ne in zaren biyu suka tsinke a wuri guda, babu na kallo. Nan sai wani telan mai suna RecA ya shigo, ya hau bakin da ya tsinke ya bi yana laluben wani kwafi mai lafiya har ya samu inda harufan suka dace, a kwafo daga can. Kamar dai mutum ya kawo riga a yage Baba ya ce je ka kawo ƴar'uwarta in gani.

Akwai wata da nake reno yanzu, Deinococcus radiodurans, ruwan hoda ce a faranti gwanin kyau amma ga nawa, E. coli minti 20 ta rabu biyu, ita sai ka jira kwana biyu uku kafin ka ga wani abin kirki. A 1956 aka gano ta a jihar Oregon ta Amurka, cikin naman gwangwani da aka dirka wa radiyeshan don kar ya lalace amma ya ruɓe. A ma'aunin da ake kira girei, 5 na iya kashe mutum, ita tana shan 5,000 ta tashi. Zarenta sai ya daddatse ɗaruruwan gutsattsari, cikin awoyi ta harhaɗa abinta, don tana ajiye kwafi huɗu zuwa goma. Masana da yawa na ganin bushewa ce ta koya mata, don bushewa ma haka take daddatsa DNA, an ma samo ƴar'uwarta a rairayin Sahara. Watan jiya na manta ban rufe faranti da kyau ba fumfuna ta cinye min aikin kwana tara, malamata ba ta ce uffan ba, shayi kawai ta miƙo min, wallahi gara ta yi faɗa.

Yanzu maganar da ta sa na rubuta da tsawo haka. Inna ta ce Auta ya yi zazzaɓi aka karɓo masa sifro a kemis, wai taifot ne, ba gwaji, ya sha kwana biyu ya ji dama ya ajiye sauran a saman firij. Yaya raina ya ɓaci, don na san me maganin nan ke yi. Bakteriya na da enzaim da ke yanka zarenta da gangan don ya warware murɗewa sannan ya sake haɗawa, sifro sai ya riƙe hannunsa bayan ya yanka, zaren ya zauna a tsinke. Ita kuma in ta ga ɓarna ta yi yawa RecA sai ya buga gangar gaggawa, a fito da wasu teloli masu ɗinkin ranar jajibirin sallah, sauri kawai, kuskure birjik. In maganin bai kai ya kashe su ba, cikin kura-kuran nan wata sai ta dace da wanda zai sa sifro ya daina kama ta, ta hayayyafa, gobe a sha a ji shiru. Muna ganin haka a faranti da idonmu. Don Allah ka kai shi asibiti a duba jininsa, abin da likita ya rubuta ya sha yadda aka ce, na saman firij ɗin kuma kar Inna ta ba wa wani. Zan turo kuɗin gwajin ranar Juma'a in alawus ya shigo.

Kuka da daddawar da kuka aiko sun ƙare tun azumi, yajin ne kawai nake lallaɓawa. In an samu mai tahowa a sa min da kuɓewa busasshiya, a ɗaure daddawar leda uku don wancan karon duk kayan mutumin sai da suka ɗauki wari. Ka gaida Gwaggo da yaran shago, ka ce wa Baba ya rage zama kan keke har dare saboda ƙafar nan.

Ƙaninka.